Abin da ya sa Raj bai gudu da Simran ba

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge a waya saboda yadda yayyenki ke zuzuta shi, kin ga awa uku ne na waƙa da tsokana, kina son sanin me aka gani a cikinsa har ya kwashi kyaututtuka, kuma ko da gaske ne wai har yau ana haska shi a sinima. Lokacin da kaset ɗinsa ya shigo Kano ina riƙe da shagon hayar kaset. Kwafi uku na saya, dukkansu sai da hoton ya fara rawa saboda yawan juyi, don haka ina da abin cewa.

Fim ɗin ya fito ne ranar 20 ga Oktoba, 1995. Aditya Chopra ne ya rubuta shi ya ba da umarni, shi ne aikinsa na farko, yana da shekara 24 kacal, mahaifinsa Yash Chopra kuma ya zuba kuɗin. Shah Rukh Khan da kike gani yau a matsayin sarkin soyayya, a lokacin da mugunta aka san shi. Mu da muka ga Baazigar da Darr a 1993, tsoronsa muke ji. Shi kansa bai so karɓar wannan aiki ba, sai da Aditya ya yi ta binsa yana lallashi. An ɗauki rabin farko a Landan da Suwizalan, rabi na biyu a Indiya. Jatin da Lalit suka yi kiɗan, Anand Bakshi ya rubuta waƙoƙin.

Maganar kyaututtuka, ya ci 10 a bikin Filmfare, adadin da babu fim ɗin da ya taɓa samu kafinsa: gwarzon fim, darakta, jarumi, jaruma Kajol wadda ta fito a matsayin Simran, da sauransu. Ya kuma samu kyautar ƙasa ta Indiya. Wani abin da har yau nake jinjinawa shi ne, duk da waƙoƙin nan da suka cika kowane shagon aski da gidan biki, kyautar kiɗa ba ta zo musu ba, A. R. Rahman ne ya ɗauke ta da Rangeela. Batun sinima kuwa gaskiya ne. Akwai gidan kallo a Mumbai mai suna Maratha Mandir da ke haska shi kullum tun fitowarsa. Ya cika mako 1,000 a Disambar 2014, a farkon 2015 suka ce za su daina, jama'a suka yi ca, suka fasa. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, daga baya ya dawo.

Amma duk wannan lissafi ne. Abin da ya riƙe mutane yana cikin rabi na biyu, kuma ina zargin a nan ne hankalinki ya fara tafiya.

Ki tuna yadda finafinan soyayya na Indiya suke kafin nan. Iyaye sun hana, sai masoya su gudu, ko su mutu tare. Wanda ya tashi a Turai kuwa, a lalace ake nuna shi, ba kunya ba ladabi. Raj, wato Shah Rukh a fim ɗin, wanda ya tashi a Landan, ya fara kamar hakan ne: ya faɗi jarrabawa, ya yaudari mahaifin Simran a kantinsa da dare ya karɓi giya. Bayan sun kamu da son juna a tafiyar Turai, sai ga shi ya bi Simran har Punjab, inda ake shirin ɗaura mata aure da ɗan aminin babanta, alkawarin da aka yi tun tana ƙarama. Simran ta ce su gudu, ya ƙi. Uwarta da kanta, wadda ta san abin da aka danne mata a rayuwa, ta ce su gudu, ya ƙi. Ya ce ba zai ɗauke ta ba sai ubanta ya damƙa masa hannunta da kansa. Ya zauna a gidan yana ɗaukar kaya, yana hidimar biki, da asuba ya bi uban zuwa gona suna watsa wa tattabaru hatsi.

A shagona da dare mukan kunna wa abokai. Babu fassarar Hausa a lokacin, sai wani tela maƙwabcina da ya iya Indiyanci daga yawan zuwa sinima, shi ke yi mana bayani. Ina tuna da aka zo wurin da Raj ya ƙi tayin uwar, telan ya tsaya da fassara, ya juyo ya ce mana, "Wallahi yaron nan ɗan mutunci ne." Wuri ya yi tsit. Kowa a ɗakin nan ya san wata da aka yi wa baiko ba da sonta ba, kowa ya san nauyin albarkar iyaye, kuma kowa ya san abin da ake kiran yarinyar da ta bi saurayi. Fim ɗin ya ba mu so ba tare da ya ce mu zubar da mutuncin gida ba. Ina ganin abin da Indiyawan ƙasashen waje suka gani ke nan su ma, masu fargabar 'ya'yansu za su tashi ba su san gida ba.

Ba zan ɓoye miki inda yake min ciwo ba. Simran ba ta da ta cewa. Daga hannun uba sai hannun saurayi, ita dai jira take. Tsokanar da Raj ya yi mata a jirgin ƙasa, da wasan da ya yi mata da safe a Suwizalan har ta fashe da kuka, yanzu da nake da 'ya'ya mata ba na iya yi musu dariya. In wannan ne ya kore ki, kina da hujja. Kuma rayuwa ba kullum take ƙarewa a tashar jirgi kamar fim ɗin ba. Akwai wani matashi mai gyaran rediyo da ya yi hayar kaset ɗin ya fi sau goma, shi ma an hana shi wadda yake so. Ya tura manya, ya sake turawa, ya yi haƙuri irin na Raj. Aka ɗaura mata aure da wani. Ranar da ya dawo min da kaset ɗin na ƙarshe, ya ajiye a kan kanta, ya biya, bai ce komai ba.

In za ki sake gwadawa, ki bar wayar. Ki sa a talabijin, ki zauna da Umma ko wata gwaggonki, ki fara daga isarsu Punjab. Kada ki bi Shah Rukh da ido, ki bi Amrish Puri, wanda ya fito a matsayin uban Simran. Ki duba fuskarsa a wurin tattabarun, sannan ki duba ta a tasha, jirgi ya fara tafiya, yana riƙe da hannun 'yarsa gam tana roƙonsa, yana kallon yaron da jini ke zuba a fuskarsa, kafin yatsunsa su saki.