Lamda, Sondi da Shan Man Mota: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai taksi daga unguwar Zariya ya rubuto: "Malam, motata na shan mai, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. An jona mata kwamfutar gwaji ta nuna lamda 0.85, makaniki ya ce in kawo jika 15 na sabon sondi. In saya?"

Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Sondi shi ne ɗan ma'aunin da ke jikin bututun salansa, mai auna hayaƙi ya gaya wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Injin isansi yana ƙone mai sarai ne idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na mai, awon nauyi, ba na lita ba. Wannan haɗin shi ake kira lamda 1. In lambar ta yi ƙasa da 1, mai ya yi yawa. In ta haura, iska ce ta rinjaya. Taka 0.85 tana nufin iska kilo 12.5 kacal. Da a ce ka take totur har ƙasa da cikakken lodi aka ga wannan, daidai ne, a nan inji ke ba da ƙarfinsa. Amma mota na tsaye, inji ya yi zafi, a ga 0.85, akwai matsala.

To ka lura: hayaƙi ya ce mai ya yi yawa, sondi ma haka ya ce. Shaidu biyu bakinsu ɗaya, don me za a kori ɗaya? A duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, a duba nozul ko yana ɗiga, a duba ma'aunin zafin ruwa. Ka kuma tambaya ko an taɓa cire wa motar tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya kai zafinsa, kamar yadda aka saba a garejinmu wai don zafin gari. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfutarsa na ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara mai.

Abin da ke ci mini rai shi ne sondin da ake tura ku saye. Kasuwa ta cika da jabu cikin kwalin Bosch da Denso, rubutu tsaf, ciki fanko. Sondi na gaske sai ya kai zafin digiri 300 da wani abu kafin ya fara aiki, shi ya sa yake da abin ɗumama kansa.  Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohon samfuri mai kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, wanda iyakar saninsa "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan", akwai kuma mai faɗin awo da ke ba da ainihin lamba. A yanke waya a liƙa wannan a gurbin wancan, wai ai zaren ya shiga, ɓarna ce. Mafi muni masu zare waya gaba ɗaya, su kashe fitilar gargaɗi, su ce an gyara. Daga ranar kwamfuta na ba da mai da ka, kai ke biya kowace safiya. Sannan a je a zuba ruwa-ruwa na bakin hanya wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, a shafe gasket da gam ɗin silikon wanda tururinsa ke kashe sondi, a dawo ana zagin mota. In har saye ya zama dole, a cire tsohon, a karanta lambar jikinsa, a nemo mai wannan lambar daga mai shagon da zai karɓi kayansa in ya ƙi aiki.

Wani saurayi daga Tibiri yana son ya sa agogon lamda a gaban Corolla ɗinsa "don ta ƙara gudu."

Ɗana, agogo awo yake yi, ba ya ƙara ko doki ɗaya. Mai arahar ma fitilu kawai zai riƙa yi maka wasa da su. Ka sayi buji masu kyau da kuɗin.

Wani Alhaji daga Tasawa ya tambaya ko 14.7 ɗin na nan in ya mayar da mota ta gaz.

A'a, Alhaji, gaz ɗin kwalba yana son iska wajen kilo 15.5. Lamda 1 ce ba ta canzawa ko wane mai ne, da ita za a saita. Kada ka ba kowa aikin sai mai na'urar awo.

Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo ta ce fitilar inji ta kama, gwaji ya nuna P0171, ga ta da tafiya Damagaram da yara, ta kasa barci.

Hajiya, kwantar da hankalinki, motar ba ta lalace ba. Lambar na cewa iska ta yi wa mai yawa, kuma galibi tiyo ne ya tsage, ko matatar mai ta toshe, ko famfon mai ya yi sanyi. In fitilar a tsaye take, ki kai ta gareji a hankali. In tana ƙyaftawa, ki tsaya a kira makaniki. Sai dai kada ki hau doguwar hanya a haka, don ƙarancin mai da zafin rana na ƙona balub. Bayan gyara ki ce a nuna miki gyaran man da kwamfuta ke yi: in bai wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, ki ɗauki yaranki ku tafi. Allah ya kiyaye hanya.