Kafin ka biya kuɗin 50mm ɗin nan, karanta haruffan da ke jikinsa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka sau biyu don kada in amsa abin da ba ka tambaya ba. Ka ce Nikon D3200 gare ka da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55, kana ɗaukar hoton suna da kamu da ɗaurin aure, hotunan cikin ɗaki suna fita da duhu, kuma kana son fuska ta fito tas bayanta ya dushe. Wani ya yi maka tayin 50mm f/1.8 na hannu da sauƙin kuɗi (lambar f tana nuna faɗin ƙofar hasken lens, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), kana son sanin ko zai hau kyamararka, da inda ake samun na hannu mai kyau.

Zai hau. Amma hawa daban, aiki daban, kuma a nan ne na taɓa yin asara, shi ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo.

Bakin da Nikon take amfani da shi, wanda ake kira F, tun 1959 yake, don haka lens ɗin da ya girme ka ma kana iya murɗa shi ya zauna daram a D3200. Matsalar tana wajen fokas. Tsofaffin lens na Nikon masu rubutun AF kawai, ko AF da harafin D a ƙarshe kamar 50mm f/1.8D, ba su da injin fokas a cikinsu. Kyamara ce take juya su da wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukundireba da ke leƙowa a gefen bakinta. D90 da D7000 da D7100 suna da wannan ƙarfen. Duk jerin D3000 da D5000, har da taka, ba su da shi. Idan ka ɗora 1.8D a kan D3200 za ta auna haske, za ta ɗauki hoto, amma fokas sai dai ka murɗa da hannu. Juya bayan lens ɗin ka duba zoben ƙarfen: in ka ga wani ɗan rami mai tsaga kamar kan kusa, to shi ne, ba naka ba ne. Abin da kake nema shi ne mai rubutun AF-S, wato 50mm f/1.8G wanda ya fito a 2011. Shi injinsa yana cikinsa. Na kuma fi zaton D ne aka yi maka tayi, domin shi ne yake zuwa da irin wannan arahar.

Lokacin ina riƙe da D5100 na ga tallan 50mm, na tura kuɗi, aka ba direba ya kawo min tasha ana gobe ɗaurin auren da na karɓi aikinsa. Na ɗora, ya zauna, na danna, shiru. Na kira mai kayan ya ce ai lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa, lafiyarsa ƙalau, ni ne ban san me na saya ba. Na yi ƙarfin hali na tafi da shi ina murɗawa da hannu. Madubin leƙen waɗannan ƙananan kyamarori ƙarami ne kuma ba shi da haske sosai, ga mutane ba sa tsayawa wuri guda. Da na dawo na buɗe a kwamfuta, hoton mahaifin amarya yana karɓar gaisuwa, wanda shi iyalin suka fi so, babbar rigarsa ce ta fito sarai, fuskarsa ta yi hazo. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara kuskurensa. Har yau in na haɗu da su sai na ji nauyi.

Akwai wani tarkon a ɗaya ɓangaren, shi kuma na sababbi. Lens masu rubutun AF-P, irin 18-55 da 70-300 da suka zo daga baya, ba sa aiki da D3200. A kan D3300 da D5300 suna yi bayan an sabunta manhajar kyamarar, amma a kan taka ko da hannu ba za ka iya fokas ba, saboda zoben nasu da lantarki yake aiki. Masu shago da yawa ba su san wannan ba, za su ce maka ai Nikon Nikon ce. Kai dai riƙe AF-S. Masu harafin Z kuwa na kyamarori marasa madubi ne da aka fara a 2018, ko hawa ba za su yi ba. In kuma Sigma ko Tamron ne, ka tuna lens guda suke yi da baki iri-iri, na Canon daban na Nikon daban, sannan ka tabbatar yana da inji. Sigma mai rubutun HSM yana da shi. Tamron 17-50 f/2.8 na Nikon kashi biyu ne, na farko ba inji, na baya da inji, kuma a ido kusan ɗaya suke, sai an duba wannan ɗan ramin na baya ko an ɗora za a bambance.

Ga masu Canon da za su karanta wannan, ku taku ta fi sauƙi: tun 1987 kowane lens na EF da injinsa yake zuwa. Abin lura kawai, EF-S mai farin tabo mai kusurwa huɗu ba ya hawa manya irin 5D da 6D, amma EF mai jan ɗigo yana hawa duka.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi muhimmanci. Anya 50mm ne ya dace da aikinka? Sensar D3200 ƙarama ce, irin da Nikon ke kira DX, tana yanke gefen hoto, sai ka ninka lambar lens sau ɗaya da rabi. Wato 50mm a wajenka kamar 75mm yake. A fili, don hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, abin sha'awa ne. Amma ka tuna ɗakunan da muke shiga. Ɗakin mai jego ranar suna, gado ya cinye rabi, ga akwatuna, ga 'yan barka zaune har bakin ƙofa. Za ka ja baya har bayanka ya daki bango ba ka samu mutum uku sun shiga ba. Ni da za ka bi tawa, AF-S DX 35mm f/1.8G za ka fara saya, wanda ya fito a 2009. A kan kyamararka yana gani kusan yadda ido ke gani, yana matsowa har santimita 30, don haka zanen lalle a hannun amarya da zobe da kayan lefe duk zai ɗauka, ga shi murfinsa da filtarsa 52mm ne daidai da na 18-55 ɗinka. Maganar duhu kuwa, dukansu biyun f/1.8 ne. Naka na yanzu in ka zuƙo shi zuwa 55 yana komawa f/5.6, hasken da f/1.8 ke shigarwa ya kusan ninka wannan sau goma.

Kada ka ɗauki maganata haka nan. Lens ɗinka yana da lambobi a jikinsa. Tsayar da shi a 35, manna masa salatif, ka yi aikin yini guda ba ka taɓa shi ba. Wani aikin ka tsayar da shi tsakanin 45 da 55. Wanda bai takura ka ba shi ne naka. Hujja ɗaya da zan yarda da ita ta fara sayen 50mm f/1.8G ita ce in kana da niyyar komawa babbar kyamara irin D610 ko D750 nan kusa, domin shi zai bi ka can, 35 na DX kuwa don ƙaramar sensa aka yi shi. Kuma in ka samu, kada ka ce komai a 1.8 za ka ɗauka. Mutum biyar a jere, sai ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, in ba haka ba na gaba ya fito na baya ya narke.

Batun wurin saye. Mafi albarkar lens ɗin da na saya, daga hannun abokan sana'a na saye su. Tun da kyamarori marasa madubi suka yawaita, masu ɗan hali suna komawa Sony da Canon R da Nikon Z, suna sakin tsofaffin kayansu. Mutumin da ka sani, ka san studiyonsa, ka ga hotunan da ya ɗauka da lens ɗin, ya fi kowane shago. In a Kano kake, yi cigiya wajen masu hoto da masu harkar fim na Zoo Road, ka kuma leƙa shagunan kwamfuta na Beirut Road. A Abuja akwai Banex da ke Wuse 2. Kaya sun fi yawa a Legas, Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba. Shafin talla na Jiji da kasuwar Facebook kuwa ka ɗauke su a matsayin wurin ganin wa ke da me da kuma nawa ake yi, amma ka zaɓi wanda yake garinku ku haɗu ido da ido a wurin jama'a. Cinikin biri a sama shi ya ja min abin da na ba ka labari. In dole sai daga wani gari, nemi wanda ka yarda da shi a can, mai kyamara irin taka, ya je ya ɗora kafin ka tura ko sisi. In kana da mai zuwa daga Ingila ko Amurka, kamfanonin sayar da kayan hoto na hannu, MPB da KEH, suna duba kaya su rubuta matsayinsa su ba da garanti na watanni, sai dai ka lissafa canjin kuɗi kafin ka yi murna. Farashi yana bin dala, don haka tambayi mutum uku a satin da za ka saya.

Ranar zuwa, tafi da kyamararka, batir a cike, da katinka. Wanda ya hana ka ɗorawa, yi masa sallama ka wuce. Cire murafen biyu, buɗe ƙofar hasken ta hanyar tura ɗan ƙarfen da ke baya, haska fitilar waya ta wani gefen ka leƙa a karkace. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce, duk lens ɗin da ya ga hunturun ƙasar nan yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne funfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo ko reshen bishiya a jikin gilashin ciki. Kayan da suka daɗe a wuri mai laima, irin Legas ko Fatakwal, sun fi kamuwa, kuma tana yaɗuwa, in ta daɗe tana cin rufin gilashin, wanki ba ya mayar da shi. Hazo fari a ciki ma haka, bar shi. Wannan ɗan ƙarfen na baya, tura shi ka saki, ya kamata ya koma nan take. In yana jan jiki ko ka ga maiƙo a ganyayyakin ƙofar, akwai gyara a gaba. Dubi kawunan kusoshin baya, in sun ƙoƙe an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi dalili. Lotsawa a bakin gaba kuwa alama ce ta faɗuwa.

Sai ka ɗora. Yi fokas a abu na kusa, sannan na nesa, ka maimaita kamar sau goma kana saurare. AF-S mai lafiya shiru yake, in yana ƙara kamar ƙyauren da ba mai, ko yana kai da kawowa bai tsaya ba, injin ya fara gajiya. Manna takarda mai rubutu a bango, tsaya saitinta, ɗauka a 1.8, ka zuƙo hoton ka duba tsakiya da kusurwoyi huɗu. Kusurwoyi su ɗan yi laushi duka ba laifi ba ne, amma gefe ɗaya tas ɗaya hazo yana nufin gilashi ya goce a ciki. Ɗauki hoton idon mai sayarwar ma, ka ga ko a idon fokas ya sauka ko a kunne.

In kun daidaita, ya rubuta maka rasit da lambar jikin lens ɗin da lambar wayarsa, domin kayan sata suna yawo a wannan harkar, kuma ku yi magana a kan kwana biyu ko uku na gwaji. Ka karɓi murafen biyu, na baya ya fi na gaba muhimmanci. A gida kada ka bar shi cikin jaka a ƙasan gado da damina. Roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun wadatar.

Ka ce wa mai 50mm ɗin ya ɗauko maka hoton rubutun da ke jikinsa da kuma hoton bayansa ba murfi. Turo min su, in sha Allahu zan gaya maka ko D ne ko G kafin ka kashe kuɗin mota.