Daga Zariya zuwa Agege a jirgin ƙasa: zai yiwu da tsohuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Zariya ce. Yayana yana zaune a Agege, an yi masa haihuwa, Hajiyarmu kuma ta dage sai ta je ta ga jikanta da idonta. Ta haura shekara saba'in, in ta daɗe zaune a mota ƙafafunta kumbura suke yi. Ita ta ce mu bi jirgin ƙasa, don shi ta hau zuwa Ikko, wato Legas, tana amarya. Ni ban taɓa shigarsa ba. Har yanzu ana hawa daga nan a sauka a can? Me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Abin da zan fara warware miki shi ne, jirgin da Hajiya ta sani daban, wanda kike gani a hotuna yanzu daban, ko dogon da suke takawa ba ɗaya ba ne. Nata yana bin tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa, wanda ya iso Kano a 1911. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,126 ne, ta Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa, Jebba, Ilori, Oshogbo, Badun, Abekuta, har tashar Iddo. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunsa biyu milimita 1,067 ce, ta sabon dogo kuwa 1,435. Don haka sabon jirgi ba shi da yadda zai yi ya hau tsohon layi, ko da ana so.

Shi kuma sabon dogon guntu-guntu ne. Akwai na Kaduna zuwa Abuja, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, daga Rigasa zuwa Idu. Akwai na Badun zuwa Legas, kilomita 157, da ya fara aiki sosai a 2021. Akwai na Itakpe zuwa Warri, wanda ba hanyarku ba ce. Na Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa ta Zariya, ana kan aikinsa. Tsakanin Abuja da Badun kuwa, inda nan ne gundarin tafiyar, babu sabon dogo. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun riga sun ɗaura kaya.

To, batun tsohon jirgin. An gyara layin, jirgin fasinja ya dawo a watan Disamba na 2012, yana tashi sau ɗaya a mako daga kowane ɓangare. Amma tun daga lokacin ya sha tsayawa: annobar korona ta dakatar da shi a 2020, ambaliya kan yanke dogo da damina, ga kuma matsalar tsaro a wasu yankunan da yake ratsawa. Saboda haka kada ki ɗora shirinki a kan "an ce". Ki aiki wani yaro mai hankali tashar reluwe ta Sabon Gari ya tambayi ma'aikata baki da baki: akwai jirgin fasinja zuwa Legas a wannan makon, kuma akwai tarago mai gado?

Na hau shi bayan dawowarsa, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina ƙaunar wannan tafiya. Har yau ina tuna yadda muka doshi gadar Jebba, jirgi ya rage gudu kamar mai sanɗa, kowa ya taso ya manne da taga yana kallon kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa. Da aka tsaya, mata suka yi ca a jikin tarago da farantan soyayyen kifi a ka, ana miƙa kuɗi ta taga ana karɓa. Wani dattijo mai fataucin goro da ke gefena ya kwance ƙullin dabinonsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kafin gari ya waye mun san sunan 'ya'yan juna. Amma tafiyar ta fi awa talatin, kuma dalili a fili yake: layin ƙwaya ɗaya ne, mai yawan kwana. In jirgi biyu za su haɗu, dole ɗaya ya raɓe a wata ƙaramar tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce, jiran nan kuma ba shi da ma'auni. Matashi mai jini a jika zai ɗauke shi abin nishaɗi. Dattijuwa mai shekara saba'in da kumburin ƙafa, a ganina, bai kamata a fara da ita a nan ba, sai fa in an samu ɗaki mai gado, kuma likitanta ya amince.

Ga abin da zan yi da mahaifiyata ce. Ku yi sammako daga Zariya a mota zuwa Rigasa, ku hau jirgi zuwa Abuja. Tafiyar awa biyu zuwa uku ce, Hajiya za ta iya miƙewa ta taka tsakanin kujeru, akwai banɗaki, babu gargada. Ku kwana a Abuja wurin 'yan'uwa. In aljihu zai ɗauka, washegari ku bi jirgin sama zuwa Legas. A tashar Idu ɗin ma akwai ƙaramin jirgin ƙasa na cikin birni da ke zuwa filin jirgi. In ba hali, ku bi motar safe zuwa Badun, ku sake kwana, sannan ku hau jirgi daga tashar Moniya. Wannan jirgin yana bi ta Abekuta, kuma akwai tasha a Agege kanta kafin a kai Ebute Metta. Na san za ki ce kwana biyu a hanya ya yi yawa. Gara hakan da a kai ta Legas a kwantar. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki sayi tikitin jirgin Badun na ranar da kuka taso daga Abuja, kina lissafin mota za ta isa a kan lokaci. Hanyar Lokoja da Okene ba ta da alƙawari, shi kuwa jirgi ba ya jiran kowa.

Sai tikiti. Na san tunanin harin 28 ga Maris 2022 zai zo miki, ranar da 'yan bindiga suka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane suka sace wasu da dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An rufe layin har zuwa 5 ga Disamba na shekarar, kuma da aka buɗe sai aka ƙara tsaurara bincike, aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN wajen sayen tikiti. Ma'ana, tikitin Hajiya da sunanta da lambarta zai fito, naki da naki. Ku riƙe katin ko takardar a jakar hannu, ba a ƙasan akwati ba. Ki saya ta shafin intanet na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ko a tagar sayarwa ta tasha, kuma da wuri, don na ranar Juma'a da Lahadi da gabanin Sallah saurin ƙarewa yake yi. Duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce yana da tikiti a hannu, ki wuce shi. Ko kin biya ninki, in sunan da ke jiki ba naki ba ne za a iya mayar da ku daga ƙofa. Ku isa tasha da ratar awa guda, saboda layin binciken kaya, ga kuma tafiyar tsohuwa sai a hankali. Rigasa a bayan gari take, Idu ma haka, don haka ki shirya wanda zai ɗauke ku tun kafin ku sauka. In masaukinku wajen Kubwa ne ko Dei-Dei ko Zuba, a tashar Kubwa za ku sauka.

Guzuri ba sai kin cika kaya ba. Abin da sababbin shiga ke mantawa shi ne sanyi: na'urar sanyaya tarago tana aiki da ƙarfi, za ki ga mutum ya shigo yana gumi, bayan rabin awa yana ƙanƙame jiki. Ki ɗaukar wa Hajiya rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri. Magungunanta su zauna a jakarki, tare da ruwan sha, dabino, ɗan dambun nama ko kilishi, da filas ɗin shayi. Fura da nono ki bar su, ba sa jure hanya. Ki sa ƙaramar buta a leda. Waya ki cika ta da caji tun daga gida, kuma ki sanar da yayanki cewa sabis yana ɗaukewa a wasu dazuzzuka, kada ya kira bai samu ba hankalinsa ya tashi.

Salla kuwa, ku matafiya ne, nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma akwai sauƙin haɗa Azahar da La'asar. Ku yi alwala kafin a kira shiga, ya fi yi a banɗakin jirgi yana jijjiga.

Wajen hawa da sauka ki lura da ratar da ke tsakanin dandamali da matakalar tarago, nan ne tsofaffi suka fi tuntuɓe. Ki bar masu gaggawa su wuce, ki ba ɗan dako akwati, ke kuma ki riƙe hannunta. In an zauna, duk bayan kamar minti arba'in ki tashe ta ku taka zuwa ƙarshen tarago ku dawo, tana zaune ma ta riƙa motsa tafin ƙafa. Tunda kumburin ya saba zuwa, ku ga likita kafin ranar tafiya ya duba ta.

Lokacin sayen tikitin Moniya, ki tabbatar jirgin da kika zaɓa yana tsayawa a Agege, sannan ki gaya wa yayanki lokacin isowa ya jira ku a nan. In kuka zarce Ebute Metta, sai kun sake kutsawa cikin cunkoson Legas kun dawo baya, da tsohuwa da kaya.