Ladan Kuturu da Kayan Toshi: Wanne Ake Mayarwa?

Wata Hajiya daga Sharar Mansur a Makka ta rubuto cewa 'yarta ta fasa auren wanda ya kawo mata toshi da sarƙar zinari, sai danginsa suka ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski". Tana tambaya ko karin maganar ta hau kansu.

Hajiya, ba ta hau ba. Lada a nan kuɗin aiki ne. Wanzami ya ga kuturu da idonsa, ya karɓi kuɗin aski, don haka ba shi da damar yin ƙyama daga baya. Toshi kuwa kyauta ce ta neman shiga zuciyar yarinya, kamar turare ko atamfa ko 'yan kuɗin zance, ba a kuma sayen aure da shi. Baiko alkawari ne, kowane ɓangare yana iya janyewa. Abin da ya rage shi ne batun kaya.

A nan ne sunan da aka ba wa kayan yake da nauyi ƙwarai. Dokar iyali ta Saudiyya ta 2022 ta ɗauki duk abin da aka bayar lokacin neman aure a matsayin kyauta, sai in manemi ya bayyana cewa sadaki ne, ko al'ada ta san shi a haka. Sadaki ana mayar da shi in ba a ɗaura ba, ko wa ya fasa. Kyauta kuwa ana duba wanda fasawar ta fito daga gare shi: in mai bayarwa ne sanadi, ba ya karɓar komai. In ɗaya ɓangaren ne sanadi, a mayar masa da abin in yana nan, ko irinsa, ko ƙimarsa ta ranar da aka karɓa. Abin da ake cinyewa, irin su goro da alewa, ba a bin sa. In mutuwa ta raba, kyauta ta zauna. Wannan ya yi kusa da fatawar Malikiyya da iyayenmu suka zo da ita daga ƙasar Hausa.

Sarƙar nan, wadda Larabawa ke kira shabka, ita ce uwar rigima, domin wani gida na lissafa ta cikin sadaki, wani na ɗaukarta kamar lefe. Shi ya sa nake ganin wajibi ne waliyyai su faɗi sunan kowane abu ranar da aka kawo shi, gaban shaidu biyu, a rubuta nauyin zinarin, a adana rasit.

Kada kuma a ce wa yaron ya yi amai ya lashe. Hadisin da ya kwatanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa, malamai da yawa ba su ɗora shi kan kyautar da aka yi don aure ba. In babu laifi daga gare shi, Hajiya, ku mayar masa da sarƙarsa.