Tambayoyin Masu Karatu: Allon Winsaf Mai Foyil

Tun bayan gasar Olamfik ta 2024, wadda aka yi tseren jiragen ruwanta masu ƙyallen iska a Marsel ta Faransa, kuma allon iQFoil ya maye gurbin tsohon allon gasar, RS:X, muke samun tambayoyi kan winsaf (hawan allo a kan ruwa da ƙyallen da iska ke turawa) mai foyil. Foyil fikafikai ne biyu, babba a gaba, ƙarami a baya, a jikin wata doguwar ƙafa da ake ɗaurawa a ƙarƙashin allo. Idan gudu ya kai, sai su ɗaga allon sama da ruwa.

Tambaya: Ina karatu a Masar, nakan je Dahab lokacin hutu. Na iya winsaf na yau da kullum, har ina rataya da ɗamara. An yi mini tayin kayan iQFoil na hannu. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Kayan tsere ne. Babban fiffikensa murabba'in santimita 900 ne, ƙafarsa santimita 95, ƙyallen iskar da maza suka yi gasar 2024 da shi kuwa murabba'in mita 9 ne. Fiffiken gaba mai ƙanƙanta haka ba ya ɗagawa sai an yi gudu sosai, faɗuwa a wannan gudun kuma ba ta da daɗi. Nemi fiffike mai murabba'in santimita 1,300 zuwa 1,700, da ƙafa mai santimita 70 zuwa 85. Allon ya zama mai faɗi, wajen santimita 75 zuwa 85, wanda zai ɗauke ka kana tsaye kana jawo ƙyalle daga ruwa. Ka duba ramin da ake cusa foyil ɗin, ya zama wanda aka ƙarfafa don foyil, domin na gama-gari yakan tsage. Ƙyalle kuwa, rage murabba'in mita 1.5 zuwa 2 daga wanda ka saba da shi a irin wannan iskar. Ka fara a ruwa mai lafiya, da iskar kilomita 22 zuwa 28 a awa.

Tambaya: Da zarar allona ya tashi sai ya yi ta hawa kamar dokin da ya miƙe, fiffiken ya leƙo waje, in kifa da fuska. Na sassauta ƙyalle don in rage ƙarfi, abin ya ƙara muni. Me ke faruwa?

Amsa: Malama, kusan kowane sabon shiga da wannan tutsun yake fara gaisawa, kuma abu biyu ne suka haɗu.

Na farko tsayuwa ce. A allo na yau da kullum an koya miki ki kwanta baya, ki tokare da ƙafar baya. A kan foyil wannan ɗabi'ar ita ce ke ɗaga hancin allo. Ki tsaya a miƙe, kanki da ƙugunki a saman allon, ƙafar gaba kusan a miƙe, ta baya da ɗan lanƙwasa. Babban fiffiken ya kamata ya faɗo tsakanin ƙafafunki biyu, kamar tsakiyar sikeli. Matsar da ƙugu gaba da faɗin tafin hannu ya isa ya saukar da allon. Ki kalli can nesa, ba ƙafafunki ba. Mai kallon hancin allo kullum gyaransa a makare yake zuwa.

Na biyu shi ne abin da ya ɗaure miki kai. Idan kika ja ƙyalle kika rataya a mariƙinsa, wato sandar da ake riƙe ƙyallen da ita, nauyin yana bin turken ƙyallen ya danne gaban allo. Kina sassautawa farat ɗaya, wannan dannin ya tafi, gudun kuma bai ragu ba tukuna, sai hanci ya yi sama. Ƙarfin ɗagawar fiffike ba a hankali yake ƙaruwa ba: gudu ya ninka sau biyu, ɗagawa ta ninka sau huɗu. Shi ya sa ɗan bugun iska ke cilla mutum. Idan fiffiken ya taɓa saman ruwa ya sha iska, ɗagawar ta ɓace gaba ɗaya. Don haka, kika ga duhun bugun iska yana tahowa a kan ruwa, ki riga shi: ƙugu gaba, ki danna mariƙi ƙasa, sannan ki sassauta kaɗan-kaɗan, ki ɗan karkata hancin allo wajen da iskar ke fitowa.

Idan tsayuwa ta gyaru amma ƙafar gaba tana ƙuna don danni, a koma kan kaya. Matsar da gindin turke gaba da santimita 1 ko 2. Ga yawancin kayan koyo, santimita 105 zuwa 110 daga sukurun gaba na foyil zuwa gindin turke mafari ne mai kyau. Bai isa ba? Sauke mariƙi da santimita 2 zuwa 3. A ƙarshe ne ake taɓa ƙaramin fiffiken baya, a sa masa siririyar robar da ke rage kwanarsa. Rabin digiri ma ana jinsa a ƙafa. Abu ɗaya ake canzawa, a shiga ruwa a gwada, a fito. Wanda ya canza uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi maganin ba.

Kwanakin farko, ki cire likkafun baya, wato madaurin ƙafa da ke kan allo, ki bar na gaba kawai, a ramukan da suka fi kusa da tsakiyar allo, kuma a sake yadda ƙafa za ta zame ta fita. Tashi na daƙiƙa uku, a sauka, a sake tashi, ya fi ƙoƙarin ratsa tafki.

Tambaya: Ni nawa ya ƙi tashi sam, ko ina tsalle a kansa.

Amsa: Tsallen ne matsalar, Malam. Gudu ake fara nema. Ka ɗan bi bayan iska, ka yi ta fizgar ƙyalle da dogayen ja, allon a shimfiɗe, ƙafar gaba a likkafa. Sai gudu ya samu ka ɗan taka ƙafar baya. Takawa da wuri tana nutsar da gindin allo ne kawai. Ya ƙi har yanzu, ka juya saitin da muka ba Malama: turke baya, mariƙi sama. Ka kuma leƙa ƙasa, ciyawar ruwa ko leda a jikin fiffike ta isa ta hana komai.

Tambaya: Sukurorin foyil ɗina sun kafe, sun ƙi kwancuwa.

Amsa: Alminiyam da ƙarfen sukuru idan suka haɗu a ruwan gishiri, cin juna suke yi, har farin gari ya like su. Jiƙa wurin da ruwan zafi, ka ɗiga man kwance tsatsa, ka bar shi ya kwana, sannan ka gwada da makullin da ya yi daidai da kan sukurun, kada ka cinye shi. Nan gaba ka shafa man hana tsatsa na Tef-Gel a zaren sukurun, ka wanke da ruwan famfo bayan kowace fita, ka warware kayan duk mako ɗaya ko biyu.

Tambaya: Hular kwano dole ce?

Amsa: Dole ce, da rigar kariya ta ƙirji. Bakin fiffike na baya da kaifi. Idan za ka faɗi, kada ka saki mariƙi, shi ke nisanta ka da foyil. Cikin ruwa kuma kada ka harba ƙafa a ƙarƙashin allo. Ka shiga da allon a kife ko a gicciye har ruwa ya kai ƙirji kafin ka juya shi.