Gemun Ɗan'uwa da Gudun da Ke Cikin Gudummawa

Wata malamar firamare ta rubuto: "Malam, na so in koya wa ɗalibaina tausayin waɗanda ambaliya ta shafa, sai na kawo musu karin maganar nan, 'In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.' Wani yaro ya ce, 'To shi mai gemun fa, a bar shi ya ƙone?' Me zan ce masa? Kuma mene ne bambancin agaji da gudummawa?"

Malama, yaron nan ya yi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Wannan karin maganar gargaɗi ce, kan mutum ya shirya tun masifa ba ta iso shi ba. Ba ta taɓo zancen ceto ba. Ki ba su "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Jinka rufin ciyawa ce da ake haɗawa a ƙasa, sai an taru sannan take ɗaguwa zuwa kan ɗaki. Wanda ya rasa muhalli, ita ce maganarsa.

Agaji daga "agaza" ya fito: kai ɗauki ga wanda ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ruwa ya ci gidansa, daga shi sai rigar jikinsa. Gudummawa kuwa, ki saurari farkonta, za ki ji "gudu". Rugawa ce a taimaki mai neman ɗauki, kafin ta faɗaɗa ta zama kuɗi ko kayan da ake tarawa. Ina so yara su riƙe wannan gudun. Girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, cikin tsananin sanyi ta zo, mutane suka kwana a waje. Bargo da tanti a daren farko sun fi buhun tufafi bayan wata guda, don haka ki koya musu su fara tambaya: me ake buƙata yau?

Sai sadaukarwa, 'yar'uwar "sadaka" da muka aro daga Larabci. Yaron da ya kawo yagaggen takalmi ya rage kaya ne kawai. Wanda ya tsaya yana jujjuya rigar sanyin da yake ƙauna, ya ninke ta ya sa a kwali, shi ne ya sadaukar.

In za su rubuta wa yaran da abin ya shafa wasiƙa, su ce "jaje" ga wanda ya yi asarar dukiya, "ta'aziyya" ga wanda ya rasa ɗan'uwa.