Fatawa: Tayil ɗin Masallaci da Kujerun Hajji, ko Ruwan Sha da Asibiti?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma, garinmu ba wani babba ba ne. Muna shirin zaman kasafin kuɗin baɗi, kuma kawunanmu sun rabu. Ciyaman da mafi yawan kansiloli suna so a sabunta masallacin Juma'a, a sa tayil, a ɗaga hasumiya, sannan a ware kujerun Hajji ga malamai da dattawan jam'iyya. Ni da wasu mutum biyu mun ce a fara da rijiyoyin burtsatse da suka lalace, da asibitin sha-ka-tafi da rufinsa ke yoyo, da lambatun bayan kasuwa. Kuɗin ba za su isa duka ba. Har an fara yaɗa cewa wai ina adawa da ɗakin Allah. Malam, ina da laifi idan na ƙi ɗaga hannu? Wanne shari'a ta ce a gabatar?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ba ka da laifi. Idan al'amarin yadda ka faɗa yake, kuma masallacin yana tsaye lafiya ana salla a cikinsa, ƙin ɗaga hannun ma shi ne wajibinka.

Mu fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: kuɗin nan na wa ne? Ba na ciyaman ba ne, ba na kansiloli ba ne, ba na jam'iyyar da ta ci zaɓe ba ne. Na duk wanda ke zaune a ƙaramar hukumar ne, da jaririn da aka haifa jiya, da tsohuwar da ba ta taɓa yin katin zaɓe ba, da wanda ba Musulmi ba in yana cikinku. Ku an ba ku riƙo ne kawai, kuma Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 58, ku mayar da amanoni ga masu su. An ruwaito Sayyidina Umar yana cewa ya ɗauki kansa game da dukiyar Allah a matsayin mai riƙon maraya. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai yi da al'amarin talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. Alƙarafi, malaminmu na Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ƙara tsanantawa. Ya kafa hujja da ayar da ta hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau, ya ce duk mai riƙe da wani muƙami ba shi da ikon yin komai sai abin da zai jawo amfani ko ya tunkuɗe ɓarna. Lura da kalmar ayar, "mafi kyau" ta ce. Mai riƙon maraya ba zai ɗinka masa babbar riga ba alhali yaron yana kwance da zazzaɓi babu magani, ko da kuwa rigar ma alheri ce.

To yaya ake gane mafi kyau? Malaman usul, wato ilimin tushen hukunce-hukuncen shari'a, musamman Shaɗibi, sun kasa buƙatun mutane hawa uku. Akwai larura, wadda in babu ita addini ko rai ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta. Akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci amma ba halaka ba. Sai kuma ƙawa da kyautatawa. In sun yi karo, na ƙasa ne ke kauce wa na sama. Sai ka ɗora abubuwan da ka lissafa a kan wannan sikeli. Ruwan sha mai tsabta tsaron rai ne, domin kowa ya san abin da ke biyo baya idan damina ta kankama, ruwan lambatu ya malala cikin rijiyoyin gida, amai da gudawa suka shiga unguwa. Asibitin da mai naƙuda za ta isa cikin dare ta tarar da ungozoma da fitila tsaron rai ne da zuriya. Tayil da hasumiya kuwa ƙawa ne.

Na taɓa kwana a wani gari irin naku. Da na fito sallar asuba sai na tarar da layin jarkoki ya miƙe daga bakin famfo guda ɗaya da ya rage yana aiki, har ya kewaye katangar masallaci. Yawancin masu jiran 'yan mata ne ƙanana, wasu suna gyangyaɗi a kan jarkarsu, a lokacin da ya kamata a ce suna gaban allo. Da muka idar da salla na leƙa wurin alwala, famfunan sabbi fil amma ko ɗigo babu, kowa da butarsa ya zo daga gida. Masallacin kansa ruwan yake jira.

Masu cewa kana adawa da ɗakin Allah za su kawo maka hadisin da ya ce wanda ya gina masallaci domin Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Buhari da Muslim. Amma mai son wannan gida sai ya sa hannu a aljihunsa. Sayyidina Usman da ya ruwaito shi, da kuɗinsa ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Sa'adu ɗan Ubada kuma da ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, sai aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya domin mahaifiyarsa. Game da ado kuwa, Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce ba a umarce shi da ɗaukaka ginin masallatai ba. Sayyidina Umar ma da ya sa a yi aikin masallaci cewa ya yi a kare mutane daga ruwan sama, kada a shafa ja ko rawaya a fitini masu salla.

Da a ce rufin masallacin yana shirin ruftawa kan jama'a, da hukuncin ya canza, domin a lokacin gyaransa ya koma tsaron rai. Ko a nan ma gyara za a yi gwargwadon haɗarin. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya: a ƙasar Hausa masallaci ba ya rasa mai gina shi. Ranar Juma'a ɗaya liman zai yi sanarwa, attajiran gari su yi rige-rige. Wa ka taɓa ji ya tashi ya ce shi zai yashe lambatun bayan kasuwa? Abin da ba wanda zai yi in hukuma ba ta yi ba, shi ya fi cancantar kuɗin hukuma.

Batun kujerun Hajji ya fi sauƙi. Allah ya ɗora Hajji a kan wanda ya sami iko ne kawai, kamar yadda ya zo a Ali Imrana, aya ta 97. Wanda ba shi da guzuri babu komai a kansa, saboda haka babu wani wajibi da hukuma ke sauke masa. Idan kuwa an zaɓi mutum don ya yi wa jam'iyya hidima, ko don bakinsa ya yi shiru a kan mumbari, to wannan yana shiga cikin gargaɗin da Buhari ya ruwaito daga Haula Al'ansariyya game da mutanen da ke kutsawa cikin dukiyar Allah ba da haƙƙi ba. Ina faɗin haka ina sane da cewa mu malamai ne aka fi miƙa wa irin waɗannan kujeru. Ban haɗa da likita ko jami'in da aka tura don ya yi wa alhazai aiki na gaske ba, wannan ma'aikaci ne.

Kada kuma a ce maka lambatu da bola aikin duniya ne da ba ruwan addini da su. Darimi ya ruwaito cewa Abu Musa Al'ash'ari da ya isa Basra ya gaya wa mutanenta Umar ya aiko shi ya koyar da su Littafin Ubangijinsu da Sunnar Annabinsu, ya kuma tsabtace musu hanyoyinsu. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa gyaran kasuwanni da hanyoyi da gina gadoji da kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki. Dokar da kuka rantse a kanta ita ma haka ta ce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanun ruwa da kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin nan na "kuɗin suna hannun jiha" ya fara rauni. Ko sun iso cikakku ko an gutsure su a hanya, abin da ya shigo hannunku shi za a tambaye ku.

Abin da nake ba ka shawara shi ne kada ka shiga zauren da faɗa. Ka je wurin ciyaman kai kaɗai tukuna, ka yi masa magana da girmamawa, wataƙila shi ma niyyarsa alheri ce. Ka tafi da lissafi a rubuce: rijiya nawa ta mutu, a wace unguwa, nawa gyaranta zai ci. Gyaran tsohuwa sau da yawa ya fi haƙa sabuwa araha, sai dai ba a yanka mata kirtani a ɗauki hoto. Ka sa unguwannin da ba su zaɓe ku ba a cikin jerin, domin ƙishirwa ba ta san akwatin zaɓe ba. Lambatun kuma a yashe shi tun da rani, ba a fafe gora ranar tafiya. Game da masallaci, ka ba da shawarar a kafa kwamitin neman taimako a ƙarƙashin liman da hakimi, kai ka fara ba da naka daga albashinka.

Idan duk da haka aka kaɗa ƙuri'a suka rinjaye ka, ka nemi a rubuta ƙin amincewarka a bayanin zaman, kada ka karɓi kujera ko wani kaso daga ɗan kwangilar aikin, ka sake kawo maganar rijiyoyin a zama na gaba.

Wallahu a'alam.